An Hana Umma Bizar Zuwa Jego a Faransa, Ejan Kuma Ya Ce a Bi ta Sifaniya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni birnin Liyon na ƙasar Faransa, shekara biyu ke nan. Maigidana yana aiki a nan, kuma dukkanmu muna da katin zama. Ina da ciki wata bakwai, na fari, likita ya ce haihuwa tsakiyar Disamba. Da a gida nake da tuni an mayar da ni ɗakin Umma, to ba hali, shi ne muka ce ita ta zo. A watan Yuli ta nemi biza ta wata uku, a Agusta aka dawo mata da fasfo da wata takarda, an yi alama a gurbin da ke cewa ana shakkar za ta fita kafin bizar ta ƙare. Anti, matar da ba ta iya kwana uku a Kaduna sai ta fara zancen awakinta! Shekararta 58, Baba yana da rai, ƙannena biyu suna makaranta, tana sayar da atamfa a gida, ta yi Hajji, ta yi Umara sau biyu. Yanzu yayana ya samo wani ejan da ya ce a ba shi naira miliyan biyu da rabi, zai zuba kuɗi a asusunta na 'yan kwanaki a ciro takardar banki, sannan ya nema mata bizar yawon buɗe ido ta Sifaniya, wai ai duk Shengen ce, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Maigidana ya ƙi, yayana ya ce rowa ce. Fasfonta kuma zai ƙare ƙarshen Maris. Ita Umma ta riga ta ba da aikin kilishi da man shanu, tana cewa sai ta yi wata huɗu. Na rasa wa zan bi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raba lafiya, Ya kawo mai albarka.

Maigidanki ne da gaskiya a wannan karon, kuma ki faɗa wa yayanki da kanki, cikin ladabi, kada ki bari maganar ta zama tsakanin surukai. Shi ma yayan naki so yake Umma ta zo, hanyar da ya samo ce za ta hana ta zuwa, yanzu da nan gaba.

Ejan ɗin ya faɗi rabin gaskiya. Ƙasashen Shengen 29 ne, kuma biza ɗaya tana shiga dukkansu. Abin da bai faɗa ba shi ne rumbun bayanan bizarsu ma ɗaya ne. Ranar da Umma ta ɗora yatsunta a kan na'ura a watan Yuli, zanen yatsun da hotonta da sunan wanda ya gayyace ta da dalilin hana ta duk sun shiga wannan rumbu, kuma shekara biyar za su yi a ciki. Jami'in Sifaniya da zai buɗe takardunta zai ga matar da Faransa ta hana a watan Agusta, mai 'ya a Liyon, ga shi wata biyu kacal bayan nan ta tashi da sha'awar kallon gine-ginen Madrid ita kaɗai. Dokarsu kuma a fili take: ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ita kake nema wa biza. Sai batun kuɗin aro. Ba adadin da ke ƙasan takarda suke dubawa ba, tafiyar asusun ta watanni suke bi layi-layi. Asusun da ya saba ganin dubu arba'in ta shiga dubu talatin ta fita, rana ɗaya miliyoyi su faɗo masa ana saura mako a miƙa takardu, wannan ko ɗan koyo ya san fassararsa. A yanzu abin da ke rubuce a kan Umma shakka ce kawai, kuma shakka takarda ke wanke ta. Idan aka kama wannan, alamar za ta koma gurbin bayanan ƙarya, shi kuwa ba ya wankuwa da sauƙi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

A ce ma an yi sa'a bizar ta fito. Jami'in kan iyaka yana da ikon soke bizar da ya tabbatar an same ta ta hanyar yaudara, a mayar da mutum a jirgin da ya kawo shi. Ki kawo Umma a ranki, ta kwana a hanya, tana tsaye gaban gilashi, an tambaye ta ina za ta. Ni na san abin da uwa Bahaushiya za ta ce: wajen 'yata za ni, haihuwa za ta yi. Ita ba ta iya ƙarya ba, kuma bai kamata a ɗora mata koyon ta a wannan shekaru ba.

Takardar da aka ba ta iri ɗaya ce a duk ƙasashen Shengen, jerin dalilai ne ake yi wa ɗaya ko biyu alama. Kada ki ɗauke ta a matsayin zagi. Jami'in bai san Umma ba, bai san awakinta ba, bai san Baba ba ya cin tuwon kowa sai nata. Abin da ke gabansa mace ce mai shekara 58, ba ta karɓar albashi, asusunta ba nauyi, 'yarta tana zaune a Faransa, kuma ta nemi iyakar kwanakin da doka ta yarda da su. Matsalar iyayenmu mata ke nan a gaban waɗannan ofisoshi. Dukiyarsu tana cikin gwal da adashi da kiwo da bashin da ke hannun masu ɗaukar atamfa, ba ɗaya da ke barin sawu a takarda. Mace tana juya abin da ya fi albashin darakta, amma a takarda sai ka ce ba ta da ko sisi. Aikinku yanzu shi ne ku mayar da rayuwarta ta gaskiya rubutacciya, yadda baƙon da bai taɓa taka Kano ba zai karanta ya ga abin da zai ja ta ta koma.

Ɗaukaka ƙara ya wuce ku. A Faransa kwana 30 ake bayarwa a rubuta wa ofishin biza da ke birnin Nantes, kuma ko da lokacin bai wuce ba, cikinki ba zai jira amsarsu ba. Babu dokar da ta hana sake nema nan take. Sai dai wanda ya mayar da takardun jiya, amsar jiya zai karɓa.

Kafin komai, fasfo. Sharaɗinsu shi ne ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma yana da sauran wata uku bayan ranar da mutum zai bar Shengen. Ki lura, daga ranar fita ake lissafi. A nema na farko fasfon ya tsallake da ƙyar, yanzu ba zai tsallake ba: ko ƙarshen Janairu za ta dawo, sai fasfon ya kai ƙarshen Afrilu, nata kuwa Maris ne. Ko karɓar takardun ba za a yi ba. Don haka gobe-goben nan yayanki ya fara bin sabuntawa a Hukumar Shige da Fice. Tun kafin ya biya, ya ɗora fasfon kusa da takardar NIN ya duba harafi-harafi, da ranar haihuwa. A nan ake yawan maƙalewa: nan Hauwa'u can Hauwa, nan Muhammad can Mohammed, sai an gyara kafin fasfo ya fito, kuma gyaran yana cin makonni. Tsohon fasfon a tabbata an dawo mata da shi, da ma wanda ya gabace shi idan yana cikin adaka. Hatiman shiga da fita na Saudiyya da ke ciki su ne shaidarta mafi ƙarfi cewa an taɓa ba ta izinin shiga ƙasar mutane sau uku, ta shiga ta fito a kan lokaci. Ina zargin a nema na farko ba wanda ya kula ya nuna su.

Wata huɗu kuwa babu shi. Bizar ziyara kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Ni shawarata ma kada ku nemi 90 ɗin. Ku nemi kwana 45: ta iso daf da haihuwa, a yi suna, a yi arba'in, ta koma. Wannan lissafi ne da ke da dalili, ana iya rubuta shi a layi biyu kowa ya gane. Na san Umma za ta ce wane irin jego ne wannan na gudu-gudu. Ki gaya mata wanda ya zo ya koma a kan lokaci, nema na biyu ya fi masa sauƙi, kuma a tsarinsu wanda ya yi amfani da biza uku yadda ya kamata cikin shekara biyu yana iya samun ta shekara guda mai shiga da fita. Jikan nan zai yi yaye, zai yi ƙanne, tafiyar ba ɗaya ba ce. Wanda kuma ya zarce kwanakinsa, ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma ɓata sunan wanda ya sa hannu ya karɓe shi. Ƙarin kwana a can sai da lalura mai ƙarfi irin rashin lafiyar da ta hana hawa jirgi. Jariri ya saba da kakarsa ba ya cikin lalurorin.

Ta ɓangarenku, babbar takarda ita ce ta masauki, wadda Faransawa ke kira attestation d'accueil. Maigidanki zai je ofishin magajin garin unguwarku da kansa, da katin zamansa da takardar haya da shaidar samun kuɗinsa da lambar fasfon Umma, ya biya yuro 30. Kin ga dalilin da ya sa fasfo ya zo farko, don sabuwar lambar za a rubuta. Ainihin takardar ake aikawa Kano, hoto a WhatsApp ba ya aiki, kuma kwanakin da ke jikinta su zo daidai da na inshora da na tikiti. Ya haɗa da takardun albashinsa na watannin baya da ta haraji, da takardar aurenku, da takardar haihuwarki mai sunan Umma, don a ga zaren da ya ɗaure ku. Ke kuma ki karɓo wasiƙa daga likitarki ko ungozomarki mai nuna ciki da ranar da ake sa ran haihuwa. Ba ki ce kun sa wannan a karon farko ba, alhali shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya.

Ta ɓangaren Umma, asusunta a kai shi yadda yake, komai ƙanƙantarsa, a rubuta ƙarara cewa surukinta ne zai ɗauki nauyin tafiya da zama. Ba abin kunya ba ne, tsarin ma ya tanadi haka. Sai shaidar aurenta da Baba, da takardun makarantar ƙannenki da rasit ɗin kuɗin makaranta, da takardar gida ko fili idan akwai mai sunanta, da rasit ɗin sarin atamfa daga Kantin Kwari, ko da tarin ƙananan takardu ne a cikin gwangwani. Sannan wasiƙa guda, shafi ɗaya, da sunanta: ga ni, ga wadda za ni wurinta, ga dalili, ga ranar zuwa da ta dawowa, ga waɗanda na bari a gida, an hana ni a watan Agusta, ga abin da na ƙara a wannan karon. Kada a ɓoye hanin farko, suna ganinsa.

Inshorar lafiya dole ce, wadda ta kai yuro 30,000, ta rufe duk kwanakin da duk ƙasashen Shengen. Idan Umma tana da hawan jini ko ciwon suga, ku karanta ƙananan rubutun, don da yawa ba sa biyan ciwon da mutum ya zo da shi, ta kuma taho da maganinta na duk kwanakin a cikin kwalinsa tare da takardar likita. Kuɗin biza yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ba a mayarwa. Cike fom a shafin France-Visas ake yi, maigidanki zai iya daga inda yake zaune, ba a buƙatar ejan. Tikiti a kama gurbi kawai, kada a biya sai biza ta fito.

Yanzu abin da ba za ki so ji ba. Muna cikin Oktoba. Sabunta fasfo, takardar masauki da aiko ta, samun ranar miƙa takardu, sannan duba su, wanda a ƙa'ida kwana 15 ne amma yana iya kaiwa 45, ga hutun ƙarshen shekara a tsakiya. Mai yiwuwa ne ƙwarai ki haihu Umma ba ta iso ba, kuma duk da kyawun takardu ana iya sake hanawa. Ki shirya wa wannan tun yanzu, da zuciyarki da gidanki. Idan kun ga lokaci ya ƙure, ku sa ranar zuwanta a farkon Janairu, ku haɗa da takardar haihuwar jaririn, wadda ta fi wasiƙar likita ƙarfi. Dokar Faransa ta ba maigidanki kwana 3 na haihuwa da kwana 25 na hutun uba, ya sanar da wurin aiki da wuri ya ɗauke su. Ungozoma tana zuwa har gida duba mai jego da jariri a kwanakin farko, ki nemi taki tun kafin ki shiga watanki. Ki kuma daure ki buɗe baki ga matan da kuke haɗuwa a masallaci, 'yan Nijar da 'yan Senegal da Larabawa. Ba za su zama Umma ba, amma ba a rasa dattijuwar da za ta dafa miki kunu ta riƙe miki yaro ki runtsa.

Idan Allah Ya sa bizar ta fito, kada murna ta hana karatu. A jikin takardar da aka manna akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma wani gurbi daban na adadin kwanakin zama. Sukan ƙara kwana 15 a kan ranar ƙarewa don a samu sararin sauya jirgi, mutane su ɗauka kyauta aka yi musu. Adadin kwanakin shi ne abin bi. A duba sunanta da lambar fasfo a wurin, kafin a bar ofishin.

Biza kuma izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in filin jirgi ne mai cewa a shiga. A filin jirgin Shengen na farko da ta sauka za a tsayar da ita, don haka idan hanyar ta bi ta Frankfurt ko Amsterdam, Jamusawa ko 'yan Holan za ta fuskanta, ba Faransawa ba. Ku zaɓi hanyar da saukarta ta farko a Turai za ta zama Faransa, ko da ta fi tsada. Ku kauce wa Landan, Ingila ba ta cikin Shengen, kuma mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ta daban. A jakar hannunta, ba a akwatin da za a auna ba, a sa ainihin takardar masauki da inshora da tikitin dawowa da wasiƙa da Faransanci mai lambar wayarku da adireshinku da manyan baƙaƙe. Faransa tana neman mai takardar masauki ya nuna yuro 32.50 na kowace rana, kwana 45 ya kama yuro 1,462.50, ta riƙe shi a hannu ko a kati. Ku nema mata taimakon keken guragu daga kamfanin jirgin lokacin sayen tikiti. Za ta ce ita ƙafarta lafiya lau, ki ce ba don ƙafa ba ne, don a samu mai raka ta ne daga ƙofar jirgi har inda kuke tsaye. Maigidanki ya kasance a filin jirgin tun kafin sauka, wayarsa a kunne.

Ƙaramin abu mai iya zama babba: lalle. Tun 12 ga Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara sabon tsarin rajistar shiga da fita na kwamfuta, ana ɗaukar hoton fuska a kan iyaka, ana gwada yatsu da waɗanda aka bayar wajen neman biza, na'urar ce kuma ke ƙirga kwanaki. Uwa za ta je ganin jikan fari, na san za a kira mai ƙunshi. A yi mata a ƙafa da bayan hannu, a bar kan yatsu fari, ranar miƙa takardu da ranar tafiya duka. Kuma duk wanda ya zo da ƙunshin saƙo a kai wa ɗan'uwansa a Faransa, in ba a buɗe a gaban yayanki an ga abin da ke ciki ba, a ba shi haƙuri, ko wane ne.

Saura kilishi, kuma wannan ke za ki faɗa mata, don daga bakin suruki ba zai yi daɗi ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga wajen ƙasashenta. Kilishi da dambun nama da man shanu da cuku duk suna ciki, ko an naɗe su a zani an tura ƙarƙashin akwati. Kwastan za su ƙwace su zubar, suna kuma iya cin tara. Ɗanyen ganye da ɗanyun 'ya'yan itace ma sai da takardar lafiyar tsirrai, don haka ganyen darbejiyar wanka ya zauna a bishiyarsa. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. Kuka da kuɓewa busasshiya da yajin jego a zuba su a leda mai nuna abin da ke ciki, a rubuta suna, idan an tambaya a nuna ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Naman rago na halal yana nan a mahautan Liyon, ta zo da yajinta ta gasa miki a nan. Kilishin da aka riga aka biya a ajiye wa Baba ya raba wa 'yan barka, gurbinsa a akwati kuma ta cika shi da dabino, shi dokar ba ta hana ba.